Aikin Hantar Baba da Bai Bar Tabo Ba

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, sai yanzu na iya zama na rubuta yadda jinyarsa ta kasance. Ina rubutawa ne saboda wanda Allah Ya jarraba da jinyar mai ciwon dajin hanta, musamman idan majinyacin dattijo ne mai ra'ayin kansa, don kada ya maimaita kuskurena. Sunayen mutane duk na sauya su.

Baba wanzami ne, gado tun kaka da kakanni, a wani ƙauye da ke ƙasar Baure. Aski, ƙaho, kaciya, cire belu, ya fi shekara arba'in yana yi. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma kun san yadda abin yake a wajenmu: ba ya kiran sunana, ba ma doguwar magana. Ina ƙarama "ke" yake ce min, da na fara koyarwa a firamare a Daura sai na koma "Malama". Tun da aka yaye ni aka miƙa ni gidan ƙanensa, Baffa Sale, wanda shi ma wanzami ne, danga ce kawai ta raba gidajen biyu. Baffa ne ya sa ni a makaranta, shi ya aurar da ni. Da shi nake hira da tsokana. Baba kuwa gaisuwa ce a durƙushe, ya amsa yana kallon wani wajen.

Bayan girbi ne Inna, mahaifiyata, ta fara cewa Baba ba ya cin tuwo. Mutumin da in an kawo masa kason naman suna ba ya bari ya kwana, sai ga shi yana rabar wa maƙwabta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma yana yawan dafa gefen cikinsa na dama, ƙasan haƙarƙari. Inna ta ce shawara ce. Aka yi wata guda ana jiƙa saiwoyi yana sha, ni ma ban hana ba, domin ni ma shawarar na ɗauka. Ranar da na je na tarar ya zauna yana yi wa wani aski, maimakon ya durƙusa kamar yadda ya saba, ranar gabana ya faɗi.

Makon farko a Daura muka yi shi. Mun isa asibiti tun kafin rana ta yi zafi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Baba yana zaune a kan benci yana duban ƙeyar mutanen da ke gabansa, har ya ce wa mijina, Malam Kabiru, ai wanda ya yi wa wancan aski bai iya riƙe aska ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likitan ya kira ni gefe ya ce akwai tsohon ciwon hanta a jininsa, irin wanda ake ɗauka ta jini, kuma akwai wani abu a jikin hantar da ya fi ƙarfinsu. Ya ce mu tafi Kano, ya kuma ce duk 'yan gidan mu je a gwada mu.

Kano sau uku muka je cikin mako biyu. Zuwan farko an ce na'urar babban hoto tana da layi, mu dawo. Zuwa na biyu aka tura Baba cikinta. Zuwa na uku muka ga likitan tiyata, wani dattijo mai furfura a gemu. Baba na zaune a gabansa, amma da Turanci ya yi min magana. Ya ce ciwon daji ne, ƙari biyu: babba a dama, ƙarami a hagu dab da babbar jijiyar da ke kai wa hanta jini. Ita kanta hantar ta yi tauri saboda tsohon ciwon, in aka yanke wajen da ya lalace abin da zai rage ba zai riƙe shi ba. Sai ya juya Hausa ya faɗi kalma uku da har yau nake ji a kunnena: "Ba ya yankuwa." Ya tambaye ni ko ya yi wa Baba bayani. Na ce a'a, ni zan yi masa a gida.

Ban yi ba. Abin da na ce masa a mota shi ne ɗan ƙari ne a ciki, kuma akwai magani. Na gaya wa kaina tausayi ne ya sa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma ban san ta inda 'yar fari za ta fara gaya wa ubanta cewa yana ɗauke da ciwon da ake kashewa da shi ba.

Likitan na Kano, Allah Ya saka masa, bai sallame mu haka nan ba. Ya ce akwai wani asibiti a Abuja da ake yin aikin ba tare da an buɗe ciki ba, ya rubuta mana takarda. Kafin mu haɗa kuɗin tafiya mako uku suka wuce, kuma a cikinsu babu shawarar da ban sha ba. Wata gwaggona ta ce nonon raƙumi. Wani ɗan'uwan Inna ya ce akwai mai magani a tsallaken iyaka, kwalba ɗaya ake sha. Wani malamin makarantarmu ya ce Abuja cin kuɗi ne kawai, in likitan tiyata ya ce ba ya yankuwa to a koma ga addu'a. Ina gode musu, don kowa da zuciya ɗaya ya faɗa, amma akwai ranar da na kashe wayata na shiga ɗaki na yi ta kuka don takaici. Bijiman noman Baba biyu aka kai kasuwa, Malam Kabiru ya sayar da babur ɗinsa, ni na ɗauki adashina tun lokacinsa bai yi ba. Ba zan faɗi adadi ba. Wanda zai bi wannan hanya dai ya sani kuɗin mota da masauki da gwaje-gwaje kaɗai sun isa su durƙusar da gida.

Likitan Abuja matashi ne, mai haƙuri, amma ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ni ce tafinta. Ya ɗauki takarda ya zana mana. Ya ce za su huda jijiya a gindin cinya, su zura wata siririyar roba, suna kallonta a hoto tana tafiya har ta kai jijiyar da ke ciyar da ƙarin. A nan za su zuba magani, sannan su toshe hanyar, ƙarin ya rasa jini ya mutu a inda yake. Ya ce ba warkewa ba ce, kada in yaudari kaina, amma tana iya ƙara wa mutum lokaci mai kyau. Hantar Baba ba za ta ɗauki aiki biyu a rana ɗaya ba, don haka babban za a fara yi, bayan mako shida mu dawo a yi ƙaramin. Ya buga biro a kan ƙaramin ya ce shi ne ya fi ba shi tsoro saboda wajen da yake zaune, kada mu wuce mako shidan nan. Ya ce ban da maganin gargajiya, kuma ban da duk abin da zai yanke shi, domin jinin mai irin wannan hanta ba ya saurin daskarewa.

Ya yi kusan minti goma yana magana. Na juya wajen Baba, na dubi tabarmar ƙofa, na ce, "Ya ce za su saka maka magani ta jijiya." Ta yaya zan ce wa mahaifina gindin cinya? Malam Kabiru ma suruki ne, kansa a ƙasa yake. Baba ya dube ni, ya dubi likitan, ya ce to.

Washegari da hantsi aka shiga da shi. Awa biyu na yi a kan kujerar ƙarfe, duk wanda ya buɗe ƙofa sai na miƙe. Da aka turo shi idonsa biyu, har yana cewa ɗakin sanyi kamar randa. Aka ce ya kwanta a miƙe awa shida kada ya lanƙwasa ƙafa. Likitan ya kira ni ya nuna min hotuna biyu a na'ura. A na farko jijiyoyi ne baƙaƙe cunkus, kamar saiwar ciyawa in an tumɓuke ta. A na biyu wajen ya zama fili, babu ko ɗaya. Na yi hamdala, na ɗauki hotunan biyu da wayata, na tura wa ƙannena. Ya zo min a rai in nuna wa Baba, sai na ce in ya gani zai tambayi mene ne wannan, na mayar da wayar jaka.

Da gari ya waye ya ce, "Malama, yaushe za su yi aikin?"

Na ce, "Ai an yi jiya, Baba."

"An yi?" Ya shafa cikinsa ta saman riga, dama da hagu. "Me suka fitar?"

"Ba a fitar da komai. A ciki ake kashe shi."

Ya maimaita, "A ciki."

A nan ya kamata in gane, domin a gidan wanzamai na tashi. Baba in ya yi wa mutum ƙaho, yakan juye abin da ƙahon ya tsotso a kasko, ya tura gaban mutumin ya ce, "Ga ciwonka." Sai mutumin ya leƙa ya ga gudan baƙin jini, sannan a tona rami a binne. A wajen Baba aiki bai kammala ba sai mai ciwo ya ga abin da ya fita daga jikinsa. Shi kuwa an sayar da bijimansa, an kai shi Abuja, an dawo da shi da ɗan filasta da bai fi babban yatsa ba, a wajen da ba zai iya nuna wa kowa ba.

Na so ya zauna a gidana a Daura har mako shidan su cika. Kwana ɗaya ya yi. Ya ce bai taɓa jin inda uba ya tare a gidan suruki ba, a kai shi gidansa. Na roƙe shi, Malam Kabiru ya ce zai bar mana gidan ya koma wajen yayansa, duk a banza. Muka mayar da shi ƙauye.

Makon farko zazzaɓi ne da amai da ciwon gefe. Likitan ya riga ya ce za a yi haka, alamar ƙarin yana mutuwa ce, amma duk da haka kullum sai na kira shi, kuma bai taɓa ƙin ɗauka ba. Masu dubiya kuwa suna ta shigowa. Kowa ya zauna sai ya ce, "Ina wajen aikin, Wanzam?" Baba ya ce babu. Wani tsohon abokinsa, ina jin sa daga tsakar gida, ya ce shi dai bai taɓa ganin tiyatar da ba ta da ɗinki ba, amma 'yan boko sun fi mu sani. Aka yi dariya. Ban ji muryar Baba a cikin masu dariyar ba.

Mako na biyu zazzaɓin ya sauka. Ya fara shan kunu, har ya nemi dambu. Na koma makaranta, ina zuwa duk Asabar. A Asabar ta uku na same shi a ƙofar ɗakinsa, ya ce in zauna, abin da bai saba ba.

"Kin ce sun kashe shi a ciki."

"Eh, Baba."

"Akuya in ta mutu a rijiya, barinta ake yi?"

Na ce likita ya ce jiki da kansa zai cinye shi a hankali. Ya ce shi dai har yanzu yana jin nauyin a nan, ya dafa gefensa. Mataccen jini ne ya taru, ya sani, sau nawa ya fitar wa mutane irinsa. Ga shi bazara ta shigo, lokacin ƙaho ne. Na ce, "Baba, likita ya hana." Abin da na iya faɗa ke nan. Ban ce masa jininsa ba ya daskarewa ba, don sai in faɗi dalili, dalilin kuma shi ne abin da nake ɓoyewa.

Na zagaya gidan Baffa na ce masa don Allah ko Baba ya nema kada a sa masa aska. Ya yi dariya ya ce, "Yau kuma likita ne ke hana wanzami aska? Na ji, 'yata, ba za a yi ba." Shi ma ban gaya masa sunan ciwon ba. Da zan tafi na shiga ɗakin Baba yana masallaci, na ɗauke zabirarsa, jakar da yake ajiye asake da ƙahoni, na cusa a buhu na taho da ita Daura. A mota har ina jin na yi dabara. Hankalina bai kawo min cewa akwai wata zabirar a bayan danga ba.

Ranar Laraba ta mako na huɗu ina cikin aji Inna ta kira. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Jini ya ƙi tsayawa." Ban tuna yadda na fita daga makarantar ba. Mota zuwa Baure, daga nan acaba, duk hanya ina salati ina kiran Malam Kabiru ya nemo mota ya biyo ni.

Daga baya Inna ta ba ni labarin yadda aka yi. Sau biyu Baba yana kiran Baffa yana ƙi. A na uku ya ce masa, "Sale, ni ne yayanka, ni na koya maka riƙon aska. In ba za ka yi ba miƙo min, in yi da hannuna." Ƙaho biyar aka kafa masa, uku a ƙasan haƙarƙari, biyu a baya. Tsagar ba ta wuce yadda aka saba ba. Amma da aka cire ƙahonin jinin ya ci gaba da tsattsafowa, tun hantsi har rana ta take.

Na tarar da Baffa a durƙushe, ya danne wajen da tsumma da hannu biyu, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf. Ya ɗago ya dube ni. Baba na jingine da bango, leɓɓansa sun yi fari, amma fuskarsa a sake take, irin sakin da rabona da ganinsa tun kafin Kano. Ya miƙa ƙafa ya turo min kasko. Gudan jini ne baƙi a ciki.

Ya ce, "Ga shi, Malama. Kin gani? Ya fito."

A asibitin Daura aka tsayar da jinin, aka yi masa ƙarin jini. Malam Kabiru da malamai biyu na makarantarmu suka bayar, Allah Ya biya su. Ni an ƙi karɓar nawa, domin gwajin da na yi ya nuna ina ɗauke da irin ciwon hantar Baba, ana kan duba ni har yanzu. Na zaci mun tsallake. Kwana huɗu bayan nan biyu daga cikin tsagogin suka yi ruwa, zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya fara tara ruwa. Na kira likitan Abuja na gaya masa komai. Ya ce ba zai iya taɓa shi a haka ba, sai tsagogin sun warke, sai gwajin hanta ya sauko. In ya yi yanzu hantar ce za ta tsaya gaba ɗaya.

Daga nan rayuwata ta koma ranar Litinin. Duk Litinin a ɗebi jini, in bi layi in karɓi takarda, in ɗauki hotonta in tura Abuja, in zauna ina kallon waya. Amsar takan zo da kalma uku, ba yanzu ba. Mako na shida ya zo ya wuce muna kwance a asibiti. Na bakwai ya wuce. Ina tsaye a gaban allo ina koya wa yara, amma abin da nake gani shi ne bakin biron likita a kan ƙaramin ƙarin nan. Abinci ya daina yi min daɗi. Wani lokaci in dubi cikin Baba yana barci in ji kamar ina jin abin yana matsawa.

Baffa kullum yana zuwa. Yakan kawo fura a ƙwarya, ya miƙa wa Inna, ya zauna a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a waje har la'asar, ba ya shiga ɗakin. Mako biyu na yi ina wuce shi da gaisuwar fatar baki. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kasuwa. Haushinsa nake ji, kuma na fi son in ji haushinsa da in tsaya in dubi nawa laifin.

Sai a mako na goma sha ɗaya likitan ya ce mu zo. Aka sake babban hoto. Muka shiga ofishinsa ni da Baba, ya daɗe yana duban na'ura kafin ya juyo. Ya ce babban ƙarin ya mutu, ya ma ƙanƙance, aikin farko ya yi kyau. Amma ƙaramin ya girma ya shiga babbar jijiya ya toshe ta. Hanta da hanya biyu take samun jini. Ƙarin ya rufe ɗaya, in shi kuma ya rufe ɗayar, babu abin da zai rage mata. Aiki na biyu ba zai yiwu ba, sai dai ƙwayoyi da za su rage masa gudu, da maganin ciwo.

Na tambaye shi, da mun zo a mako na shida fa? Ya ce bai sani ba. Wataƙila da an samu, wataƙila kuma tun lokacin ya riga ya fara shiga. Ya ce ba zai yi min ƙarya ta kowane ɓangare ba.

Na juya zan ce wa Baba an canza masa magani. Ya riga ni.

"Malama, mutumin nan in ya yi magana mai tsawo, ke kalma uku kike faɗa. Tun Kano nake lura. Yau faɗa min duka."

Na faɗa masa. Na faɗi sunan ciwon, na faɗi biyu ne, na faɗi ta inda aka shiga, na faɗi dalilin da ya sa aka hana aska, ina kuka ina faɗa. Likitan ya ga abin da ke faruwa, sai ya juyo da na'urar wajen Baba ya buɗe hotunan ranar aiki. Baba ya ja kujerarsa ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya dubi na farko mai jijiyoyi cunkus, ya dubi na biyu da ya zama fili, ya ce a mayar masa na farkon, ya sake dubawa. Ya ce in tambaya da me aka shiga. Likitan ya aika aka kawo irin robar, ya miƙa masa. Baba ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya gwada laushinta, ya auna tsawonta da kamu.

"Daga cinya har hanta, bai ɓata hanya ba?"

Na fassara. Likitan ya ce yana kallo a hoto ne yana bi.

"Ki ce masa hannunsa yana da kyau. Ki ce wanzami ne ya faɗa."

Na faɗa. Likitan ya sunkuyar da kai. Baba ya sake duban na'urar, ya ce, "Wannan hoton tun yaushe yake?"

"Tun ranar da aka yi aikin."

"Kin gan shi a ranar?"

"Na gani. Yana cikin wayata."

Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye robar a kan tebur a hankali, ya ce, "Da na gani, da ban kira Sale ba."

A hanyar dawowa mun tsaya sallar azahar a wani gari bayan Zariya. Malam Kabiru ya tafi alwala, ya rage ni da Baba a mota. Yana kallon taga ya ce, "Sale bai san komai ba. Ni na tilasta shi. Kada ya ji daga bakinki cewa an fasa aikin saboda ƙahon nan." Na ce to. Da muka isa gida da kansa ya gaya wa Baffa cewa likita ya ce yanzu ƙwayoyi sun wadatar.

Wata huɗu ya ƙara. A cikinsu ya sha maganinsa a kan lokaci, bai sake karɓar jiƙon kowa ba, duk wanda ya kawo sai ya ce masa ya gode, yana da likita. Duk takardar gwaji sai na karanta masa ita daga sama har ƙasa, ya tambayi abin da bai gane ba. Hirar da ban yi da shi ba a shekara talatin da takwas, a wata huɗun nan na yi ta. Ya rasu wata Alhamis bayan la'asar, ana yayyafi, kansa a cinyar Baffa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Ina gode wa likitocin uku, da malaman jinyar da suka yi haƙuri da tambayoyina, da mijina da bai taɓa nuna gajiya ba. Ina kuma kuka da nisan da talaka zai yi kafin ya kai inda ake wannan aiki, da makonnin da layi da neman kuɗi suke cinyewa alhali ciwon ba ya jira. Wanda ke da ciwon hanta a gidansu, kowa ya je a gwada shi. Wanda aka yi wa majinyacinsa irin wannan aiki, ya sani zazzaɓin makon farko ba lalacewa ba ne, ya kiyaye ranar komawa, ya nisanta shi da aska da jiƙo. Amma kafin duk wannan, ku gaya masa abin da ke jikinsa, ku nuna masa hoton. In kunya ta hana ku, ku nemo wanda zai iya.

Baffa ya ajiye ƙaho tun daga ranar nan, aski kaɗai yake yi. Duk Asabar ina zuwa gaishe shi da Inna. Yakan bari sai na yi sallama zan tafi, ya rako ni har bakin hanya inda ake samun acaba, sannan ya rage murya.

"'Yata, ba ƙahon nan ba ne ko?"

"Ba shi ba ne, Baffa. Kwana ne ya ƙare."

Sai ya gyaɗa kai ya ce haka ne, Allah Ya kiyaye hanya. Asabar da ta wuce ma ya tambaya, na ba shi amsar. Ya tsaya yana dubana ya daɗe, har mai acaba ya yi hon, sannan ya ce, "To, ki gaida Malam."